HANYAR TSAKUWA TA DUTSEN FINESTRE

Kowane akawu ko malamin makaranta da ya taɓa fita rangadi a kan keke ya san bambancin kwalta da burji. A kan kwalta mutum ya kan saki jiki, keke na ta gudu kamar ana tura shi. Da an sauka kan burji kuwa sai labari ya sake: ga gargada tana girgiza haƙora, ga tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin taya, ga ƙura in mota ta wuce. Ba wanda ya ke zaɓen irin wannan hanya in da wata. To, abin mamaki, a ƙasashen Turai, inda kwalta ta kai kusan kowane ƙauye, akwai dubban mutane waɗanda su ke barin kwalta da gangan, su biya kuɗin jirgi da na masauki, su tafi neman hanyar tsakuwa cikin kurmi da duwatsu don su hau da keke. Har an ƙera musu keke na musamman, har an kafa musu gasa ta duniya, wadda aka fara yi a Italiya cikin 2022.

Cikin hanyoyin da su ke nema, kaɗan ne suka kai biyun nan suna da wuya, watau hawan Finestre da hanyar Assietta, dukansu a arewa maso yammacin Italiya. Labarinsu ya haɗa labarin ƙasa da tarihi da lissafi, har da halin ɗan Adam, saboda haka ya cancanci masu karatu su ji shi.

INDA WURIN YA KE

In an tashi daga birnin Turin, babban birnin lardin Piemonte, aka nufi yamma, ba a daɗewa sai a tarad da duwatsun Alps, waɗanda suka raba Italiya da Faransa. Kwari biyu ne manya suka ratsa duwatsun ta wannan wajen. Na arewa shi ne kwarin Susa, na kudu kuwa kwarin Chisone. Tsakaninsu akwai wani dogon ƙashin bayan dutse, gindinsa duk kurmi, bisansa kuwa ciyawa da tsirarun duwatsu. Mashigin da ya haɗa kwarin biyu shi a ke kira Finestre. Kalmar nan da Italiyanci ma'anarta tagogi.

Tsayin mashigin daga bakin teku mita 2,178 ne, watau ƙafa 7,100 da 'yan kai. Garin Susa da ke gindinsa yana wajen mita 500. Domin malamai su sami abin kwatantawa a aji, birnin Jos yana wajen mita 1,200, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya kuwa, watau Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Mashigin Assietta, wanda hanya ta biyu ta ke bi, mita 2,472 ne. Ke nan mai keke a can ya kan taka feda a wurin da ya ɗara kowane tsauni na ƙasarmu.

SOJA SUKA YI HANYAR

Ba don masu keke aka yi waɗannan hanyoyi ba, don yaƙi aka yi su. Shekaru aru-aru sarakunan gidan Savoy, masu mulki a Turin, suna zaman ɗar-ɗar da Faransa, ga shi kuwa duk rundunar da za ta zo daga yamma dole ta bi ɗayan kwarin nan biyu. Sai suka toshe kwarin Susa da ganuwar Exilles, suka toshe na Chisone da ganuwar Fenestrelle. An fara ginin Fenestrelle cikin 1728, ba a gama ba sai 1850. Ta hau jikin dutse har tsawon kilomita 3, cikinta akwai wata matakala mai rufi wadda ke da hawa kusan 4,000.

Cikin 1747 Faransawa suka yi dabara. Tun da ƙofofin nan biyu a rufe su ke, sai suka ce bari su bi ta kan ƙashin bayan dutsen da ke tsakani, su zagaye su. Ran 19 ga Yuli suka tarad da mutanen Piemonte da masu taimakonsu sun tara duwatsu sun yi kagara a Assietta, ƙarƙashin wani hakimi mai suna Bricherasio. Faransawa sun ninka su yawa har da ɗoriya, amma su ne masu hawa, waɗancan kuwa suna bisa. Aka yi ta gwabzawa har dare. Shugaban Faransawa, Belle-Isle, ya faɗi a gindin kagara, rundunarsa ta rasa mutum wajen 5,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, ta juya. An ce daga ranar ne aka laƙaba wa mutanen Piemonte suna "bogia nen", watau waɗanda ba su gusawa. Har yanzu akwai hasumiyar tunawa a kan tsaunin, a kan kuma yi taro can kowace shekara cikin watan Yuli.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930 sojan Italiya suka ƙara gina sansanoni a kan tsaunukan, suka shimfiɗa hanyoyi don alfadarai su ja igwa da kayan abinci. Wannan ne ya sa hanyar ta ke da hali guda tun daga ƙasa har sama. Dabba mai jan igwa ba ta iya hawan wuri mai tsananin miƙewa, saboda haka injiniyoyi suka yi ta lanƙwasa hanya suna raba hawan daidai wa daida. Abin da ya zama sauƙi ga alfadari shi ne azabar mai keke, gama ba inda hanya ta ke kwantawa balle ya sami numfashi.

HAWAN FINESTRE

Daga gefen Susa tsawon hawan kilomita 18 da rabi ne, watau mil 11 da rabi. A kowace mita 100 da aka ci gaba, a kan tashi sama mita 9 da ɗan ɗori. Wanda ya buga lissafin zai ga jimla ta kai wajen mita 1,700. Ga tambaya mai kyau ga 'yan aji.

Da an bar Susa sai a ratsa ƙauyen Meana, inda hawan ya fi ko'ina tsanani, har ya kai mita 14 cikin 100. Daga nan hanya ta shige kurmi. Ƙanƙanuwa ce, mota biyu ba su wucewa sai da dabara, itatuwa sun rufe ta har ba a ganin rana sosai. Kwanoni 45 ne daga ƙasa zuwa sama, kowace kwana kamar gwiwar hannu, fiye da rabinsu kuwa a cunkushe su ke cikin wannan kurmi, a tsakanin abin da bai kai kilomita 4 ba. Mai keke ya kan ɗaga kai ya ga hanya bisa kansa, ya duba ƙasa ya ga wadda ya baro, ya rasa ko gaba ya ke yi ko juyi kawai.

Bayan kamar kilomita 11, a wani wuri da a ke kira Colletto di Meana, kwalta ta ƙare. Sauran kilomita 8 ɗin, ko ƙasa da haka kaɗan, tsakuwa ce zalla. Da fari ana cikin inuwar wasu itatuwa dogaye masu ganye kamar allura, waɗanda su ke kaɗe ganyensu da hunturu. Sannu a hankali itatuwan su ragu, su gajarce, har su ɓace, gama akwai iyakar da itace ba ya wucewa saboda sanyi. Sai fili ya buɗe, ga garkunan shanu da ƙararrawa a wuya, ga wasu dabbobi masu kama da gafiya suna fito a bakin ramukansu. Daga nan a kan hangi mashigin da tsohon sansanin soja a gefensa. Hange ne mai yaudara, don kuwa sauran kwanoni da yawa kafin a kai.

Abu uku su ke haɗuwa su karya mutum a nan. Na fari, tsakuwa tana cin ƙarfi, gama taya tana ɗan nutsewa tana kuma zamewa. A kan kwalta in hawa ya yi tsanani mutum ya kan miƙe tsaye a kan feda. A kan tsakuwa da ya ɗaga daga sirdi sai tayar baya ta rasa nauyi ta yi ta juyawa a banza. Dole ya zauna ya jure. Na biyu, iska tana raguwa. A tsayin mita 2,500 abin da huhu ke samu a kowane numfashi ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu bisa na bakin teku. Na uku, sanyi. Zafi ya kan sauka da wajen digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka wanda ya bar Susa yana gumi zai tarad da sama ta fi ƙasa sanyi da digiri 11, ga rigarsa jiƙe. Mutum mai lafiya wanda ya saba da keke ya kan yi awa biyu ko uku kafin ya kai.

HANYAR ASSIETTA DA BABBAN KURMI

In an gangara kaɗan ta gefen kudu, inda akwai kwalta, sai a iso wani fili mai suna Pian dell'Alpe. Nan hanyar Assietta ta ɓalle ta yi yamma. Tsawonta ya haura kilomita 30, kusan dukanta tsakuwa ce, kusan dukanta kuma bisa mita 2,000, har ta sauka garin Sestriere, inda aka yi wasu wasannin ƙanƙara na Olamfik cikin 2006. Tana bin ƙashin bayan dutse, wani lokaci kwarin Susa a dama, wani lokaci kwarin Chisone a hagu. Ba ta kai Finestre miƙewa ba, amma ta fi shi kaɗaici da manyan duwatsu a kan hanya, akwai kuma wuraren da ba kome tsakanin taya da rami. Wurin samun ruwa da abinci kaɗan ne. Da la'asar cikin watannin zafi hadari ya kan taso ba sallama, wanda ke kan tsauni kuwa ba shi da mafaka daga tsawa.

A gefen arewa na wannan hanya akwai wani kurmi da a ke kira Gran Bosco, watau Babban Kurmi, bisa ƙauyen Salbertrand. Daga cikinsa aka saro manyan azarori cikin ƙarni na 18 don gine-ginen sarki a Turin, har da babban cocin nan na Superga. Cikin 1980 hukumar lardi ta mai da shi gandun daji, ita da tsaunukan Orsiera da ke kewaye da Finestre. Akwai bareyi a ciki, da awakin dutse, kyarkeci ma ya komo cikin shekarun 1990 bayan ya daɗe da ƙarewa a wannan yanki. Akwai hanyoyin tsakuwa da su ke hawa ta cikin kurmin su haɗu da ta Assietta. Wanda ya bi su ya kan yi awoyi ba ya jin kome sai numfashinsa da ƙarar tsakuwa.

Ƙanƙara tana rufe hanyoyin nan fiye da rabin shekara. Lokacinsu daga wajen Yuni ne zuwa Oktoba. Tun 2016 akwai wani ayarin masu keke da ya kan tashi daga Turin cikin Satumba zuwa birnin Nice na Faransa, tafiyar wajen kilomita 700, kowa ɗauke da kayan kwanansa, ba a kuwa ba wanda ya riga isa kyautar kome. Ta nan su kan bi.

IRIN KEKEN DA SHIRIN TAFIYA

Keken tsakuwa yana kama da keken tsere, hannunsa lanƙwashe ƙasa, amma tayarsa ta fi faɗi, milimita 40 zuwa 50, inda ta tsere ba ta cika wuce 30 ba. Ba a cika ta da iska tam, domin taya mai ɗan laushi ta fi kama ƙasa, ta kuma fi shanye gargada. Da yawa ba su sa tif. Su kan zuba wani ruwa mai danƙo cikin taya, in ƙaya ko tsinin dutse ya huda ta sai ruwan ya toshe hujin da kansa. Birkinsa wani faifan ƙarfe ya ke kamawa a tsakiyar ƙafa, don haka laka da ruwa ba su hana shi ci. Giyarsa kuwa tana da sauƙi ƙwarai, yadda mutum zai riƙa juya feda da sauri keke na tafiya a hankali.

Duk da haka ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali ya kan tashi da sassafe don ya sauko kafin hadari, ya ɗauki ruwa da abinci da rigar sanyi da ta ruwa, da famfo da kayan faci, ya gaya wa wani hanyar da zai bi. Ya kan ci abinci tun bai ji yunwa ba, gama in ƙarfi ya yanke a kan dutse ba ya komowa da wuri. Sauka ma ta fi hawa hatsari. Wanda ya danne birkin gaba cikin kwana a kan tsakuwa, ƙasa zai sha. Sai a rage gudu tun kafin kwana, a sassauta birki a cikinta, a bar keke ya bi hanyarsa.

TSEREN ITALIYA

Abin da ya fid da sunan Finestre duniya shi ne babban tseren keke na Italiya, wanda a ke kira Giro. An fara shi cikin 1909, a kan yi mako uku ana zagaya ƙasa cikin watan Mayu, wanda jimlar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta kuwa shi ke sa riga mai launin hoda. Cikin 2005 aka fara bi da shi ta Finestre. Ran nan Paolo Savoldelli, mai rigar, ya kai sama abokan hamayyarsa sun ba shi rata fiye da minti 2. Gwanin sauka ne, har ana masa laƙabi da shaho. Ya bi su a gangara, ya rage ratar, ya ci Giro da sakan 28 tak.

Ran 25 ga Mayu 2018 aka komo. Wani saurayi Ba'ingile, Simon Yates, ya yi kwana 13 da rigar, ya ci zango uku, saura kwana biyu a gama. Amma ya kashe ƙarfinsa a makonnin fari. Tun cikin kurmi, ba a ko kai tsakuwa ba, ƙafafunsa suka ƙi. Chris Froome, wanda aka haifa a Nairobi ta Kenya, yana baya da minti 3 da sakan 22. Da aka hau tsakuwa sai ya fizga shi kaɗai, saura kilomita 80 a kai ƙarshen zango, da manyan hawa biyu a gaba. Ƙungiyarsa ta riga ta jera mutane a bakin hanya da ruwa da abinci, don kada ya ɗauki nauyi kada kuma ƙarfinsa ya yanke. Ba wanda ya sake kama shi. Ya karɓi riga, ya ci Giro. Yates kuwa ya iso bayansa da kusan minti 39, duniya na kallo.

Wani da haka ta same shi da ya guji Italiya har abada. Yates ya ci babban tseren Sifen a ƙarshen wannan shekara, amma ya yi ta komowa Giro, wata shekara ciwo, wata shekara rauni, abin bai yiwu ba. Sai ran 31 ga Mayu 2025, yana da shekara 32, tsere ya sake biyowa ta Finestre, saura kwana ɗaya a gama. Wannan karo bai sa rigar ko sau ɗaya ba, ya yi ta tattalin ƙarfinsa. Shi ne na uku, minti 1 da sakan 21 a bayan Isaac del Toro, wani yaro ɗan Meziko mai shekara 21, Richard Carapaz na Ekwado kuwa na biyu. Cikin kurmin nan da ya kā da shi ya yi ta fizga har ya kuɓuce. Waɗancan biyu kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido, ba mai son ya ja wani ya amfana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yates ya hau dutsen duka bai cika awa ɗaya ba.

Da ya gangara kwari ya tarad da abokin aikinsa Wout van Aert, ɗan Beljiyam, wanda aka tura gaba tun da safe don wannan sa'a. Mai keke da ya laɓe bayan wani ya kan huta da kusan sulusin wahalar iska. Van Aert ya shiga gaba ya ja shi har ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan ya kauce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Chris Harper na Ostiraliya ya ci zangon, amma Yates ya isa Sestriere yana kuka, rigar ta zama tasa. Kashegari a Rum ya ci Giro da ratar minti 3 da sakan 56. Tagwainsa Adam yana cikin tseren, a ƙungiyar Del Toro.

ABIN DA YA RAGE A GABA

Suna ya jawo jama'a, jama'a kuwa ba masu keke kaɗai ba ne. Masu babur da masu motar daji su ma suna son hanyar Assietta. Tayoyinsu suna tone ta, ƙurarsu tana turnuƙe mai keke da mai tafiya ƙasa, ƙararsu tana korar namun daji. Mutanen ƙauyuka kuwa da baƙin nan duka su ke cin abinci, makiyaya ma da hanyar su ke kai kaya rugagensu. Saboda haka hukuma ta bi tsakiya: cikin Yuli da Agusta a kan ware wasu ranaku a mako a hana abin hawa mai inji da rana. Bayan kowane hunturu kuma sai an gyara inda ruwa da ƙanƙara suka cinye, aikin da ke cin kuɗi kowace shekara.

Mai lissafin baitulmali zai iya cewa a zuba kwalta a huta. Amma ya kamata ya tuna mashigai masu kwalta suna da yawa a duwatsun Alps, wasu ma sun fi Finestre tsawo, ba su kuwa kai shi jan ido ran tsere ba. Kilomita 8 ɗin nan na tsakuwa su ne jarin mutanen Meana da Usseaux da ke gindinsa. Ran da aka rufe su da kwalta, Finestre ya zama ɗaya cikin ɗari, masu babur su ƙaru, masu keken tsakuwa su nemi wani dutse. Shi ya sa har yau, in Giro zai biyo, abin da a ke yi kawai shi ne a share ƙanƙara, a baje tsakuwa, a bi ta da injin daɓe, a bar sauran aiki ga ƙafafun masu hawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.